Ruwan Tiga da Takardar Awon Jini: Tarihin Wani Sauyi a Ƙasar Kura da Bunkure



Tun kafin zuwan asibiti Bahaushe yake karanta jini. Wanzami in ya kafa ƙaho, yakan dubi abin da ya fito, ya ce wannan mataccen jini ne. Ungozoma takan buɗe idon mai ciki, in ta ga ya yi fari fat, ta ce jini ya yi kaɗan. Har halin mutum da jini muke auna shi, mu ce wane yana da farin jini, wane kuwa baƙin jini. Abin da zamani ya kawo shi ne mai da wannan karatu ya zama lissafi a kan takarda. Nufina a yau in nuna, da misalin ƙasar Kura da Bunkure, cewa lambar da ke kan takardar nan ba ta da ma'ana sai an san mai jinin, an kuma san ƙasar da yake zaune.

Mu fara da ƙasar. A da, noman rani a wannan yanki na fadama ne, da jigo da guga. Ruwa na ɗaukewa, tabkuna su ƙafe, sauro ya ja baya, masassara ta lafa. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, tsakanin 1971 da 1974, aka fara gwajin noman a Kadawa, da shirin shayar da hekta 22,000 a kashin farko. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. Alkama da tumatir da shinkafa suka samu, arziki ya shigo, ba mai musun wannan. Amma masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Magudanar da ke kai ruwa gona ita ce ta ba sauro wurin hayayyafa har cikin bazara. Ita ce kuma ta zama gidan katantanwar da ke rainon ƙwayar tsargiya, cutar da ke sa yaro fitsarin jini, wadda mutanenmu da yawa suka ɗauka alamar balaga ce. Cututtukan nan biyu duk jini suke ci.

To, yaya aka gane haka? A 1851 Bilharz ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira. A 1880 Laveran ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin ɗigon jini a Aljeriya, ta madubin likita. A 1901 Landsteiner ya bayyana rukunonin jini, wanda shi ya buɗe ƙofar ƙarin jini cikin aminci. Sai dai darasin da ya fi shafarmu a gida aka koye shi. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da bincike a Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. Suka yi ta ɗibar jinin mutanen ƙauyuka a kai a kai, sai suka tarar yawancin ƙananan yara suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓi, alhali da yawansu suna ta wasansu. Watau ganin ƙwaya a jini bai isa hujjar cewa ita ce ta kwantar da yaro ba. Suka kuma tarar kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da gādon amosanin jini. A Zariya kuwa, Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, ya nuna matan da ba su je awon ciki ba su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba.

Yanzu mu ƙaddara muna wani asibiti a wannan yanki, da kaka, takardu huɗu sun iso hannun ma'aikaciyar jinya lokaci guda, likita kuwa yana ɗakin tiyata. Ta farko ta wani attajirin shinkafa ce, sukarinsa ya ɗan haura ƙa'ida, yana zaune yana hira. Ta biyu ta mai ciki ce, sinadarin jan jininta giram 9 a desilita. Ta uku ta yaro ɗan shekara uku ce, kaurin jininsa, wanda ake rubutawa PCV, kashi 14 cikin 100, yana numfashi sama-sama. Ta huɗu ta yarinya ce da ta suma da zazzaɓi, sukarinta milimol 2.0 a lita.

Wa za ta fara dubawa? Yarinyar da ta suma. Sukarin da ya gaza 2.2 yana iya lalata ƙwaƙwalwa cikin ɗan lokaci, maganinsa kuwa ruwan sukari ne ta jijiya, nan take. Sa'an nan yaron. Kaurin jinin da ya gaza kashi 15, watau sinadarin jan jini ƙasa da giram 5, ƙarancin jini ne mai tsanani. In ya haɗu da wahalar numfashi, sai a aika a kira likita, a gwada rukunin jini, a nemi mai bayarwa tun kafin dare. Mai ciki kuwa, ta gaza giram 11 da ake so, amma ba ta kai ƙasa da 7 ba. Tata ta makonni ce, da maganin ƙarin jini, da gidan sauro, da ranar dawowa. Attajiri shi ne na ƙarshe. Jerin nan ba ya bin arziki, ba ya bin wanda ya riga zuwa. Yana bin wanda ajali ya fi kusanta.

Daɗin daɗawa, lamba takan yi ruɗi. Mai amosanin jini yana iya yawo da kaurin jini kashi 22 shekara da shekaru, don haka abin tambaya shi ne, nawa yake a da? Mai amai da gudawa, da yake ruwan jikinsa ya tsiyaye, jininsa yakan nuna kauri alhali ba lafiya ba ce. Jinin da aka bari ya daɗe kafin a auna shi yakan nuna gishirin fotashiyam ya hau, ƙarya. Saboda haka gwanar jinya takan dubi takarda, ta dubi tafin hannu da ido, ta ƙirga numfashi. A nan ne ilmin ungozoma da na madubi suka haɗu.

Abubuwa sun ci gaba. A 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin a matsayin maganin farko na zazzaɓi. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a auna jini kafin a ba da magani, ga kuma ɗan tsinken gwaji mai ba da amsa cikin kamar minti 20. Amma tsinke yana faɗin akwai ƙwaya ne kawai. Ba ya faɗin saura jini nawa.

A ƙarshe, jan hankalina gare ku ne, ma'aikatan gwamnati na yau da na gobe. Duk wanda ya sa hannu a kasafin yashe magudanar ruwa, ya tuna da ɗakin awon jini, da wutar da za ta riƙe firijin ajiyar jini, da horar da mai karanta takarda. Ma'aikaciyar jinya tana iya sanin yaro yana bukatar jini, amma saninta ba zai zama jini ba in babu shi a ma'ajiya. Ruwan Tiga da wannan 'yar takarda aiki ɗaya ne, bai kamata a biya wa ɗaya a manta da ɗaya ba.