Charlie Chaplin: Yaron Gidan Gajiyayyu da Ya Ba Duniya Dariya

A fim ɗin The Gold Rush na 1925, yunwa ta ritsa da wani mai neman zinariya a bukka, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Sai ya dafa takalminsa a tukunya, ya juye a faranti, ya zauna yana ci cikin natsuwa, yana tsotsar ƙusoshin kamar ƙashin kaza. Mutumin da ya rubuta labarin, ya ba da umarni, ya kuma ci takalmin, ya san yunwa tun kafin ya san kyamara.

An haifi Charlie Chaplin a Landan ranar 16 ga Afrilu, 1889. Iyayensa mawaƙa ne a gidajen wasa. Giya ta cinye uban, ya rasu a 1901. Uwar kuwa, Hannah, taɓin hankali ya same ta, aka yi ta kai ta asibiti. Yana ɗan shekara 7 aka kai shi gidan gajiyayyu na unguwar Lambeth.

Rawa da wasan dandamali suka fitar da shi. Kamfanin wasa na Fred Karno ya ɗauke shi a 1908, ya tafi da shi Amurka, a can kamfanin fim na Keystone ya ba shi aiki a kan dala 150 a mako. A 1914 ya haɗa shigar da aka san shi da ita: wando burgujeje, matsattsiyar kwat, 'yar hula kamar an kifa ƙoƙo, zabga-zabgan takalma, sanda, da ɗan gashin baki. Asirin, a ganina, ba a tufafin yake ba. Ga mutum talaka futuk, ko wurin kwana ba shi da shi, amma yana taku da ƙasaita kamar ɗan sarauta. A hankaɗe shi ya faɗi, ya tashi ya kakkaɓe kwat, ya gyara hula. Duk wanda talauci ya taɓa ci wa mutunci zai ga kansa a nan. Zuwa 1916 kamfanin Mutual na biyansa dala 670,000 a shekara, kuma a 1919 ya haɗu da Mary Pickford da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa kamfanin United Artists, don su riƙe ragamar finafinansu da kansu.

Da fim mai magana ya shigo a 1927, kowa ya ruga, shi ya toge. Ya san bebe ba ya buƙatar tafinta a kowace ƙasa. City Lights na 1931 da Modern Times na 1936 duk kusan babu hira a cikinsu, sai kiɗan da ya tsara da kansa. Da ya tashi buɗe baki sosai, a The Great Dictator na 1940, Hitler ya yi wa ba'a, alhali Amurka ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba tukuna. Kwana 4 kacal ne tsakanin haihuwarsu, ga gashin baki iri ɗaya.

Ba waliyyi ba ne. Biyu daga cikin matansa 4 ba su kai shekara 18 ba lokacin da ya aure su, kuma jaridu sun yi ta yayata rigingimunsa da mata. Aka zarge shi da kwaminisanci, ga shi bai taɓa karɓar takardar zama ɗan Amurka ba. A Satumba 1952, yana cikin jirgin ruwa zuwa Landan, gwamnatin Amurka ta soke izininsa na komawa. Ya tare a Suwizalan, bai sake taka Amurka ba sai 1972, da aka ba shi kyautar girmamawa ta Oscar.

Ya rasu ranar 25 ga Disamba, 1977, yana da shekara 88. A Maris 1978 wasu mutum biyu suka tone akwatin gawarsa, suka nemi kuɗin fansa daga iyalinsa. Bayan mako 11 aka gano shi a wata gona, aka sake binne shi, aka dafe kabarin da kankare.