Ɗan Saga: Yadda Itace Ya Koma Hannun Manomi

Ɗan Saga ƙauye ne na manoman hatsi a gundumar Agye, jihar Maraɗi. Tarihinsa na nuna yadda doka kan sauya kamannin ƙasa.

A 1935 Turawan Faransa suka kafa dokar daji da ta danƙa itatuwa ga hukuma, dokar Nijar ta 1974 kuma ta bi sawunta. Wanda ya sari gawo ko aduwa a gonarsa sai ma'aikatan gandun daji su ci shi tara. Da itace ya zama abin jawo fitina, manomi ya riƙa kashe shi tun yana tsiro a lokacin sassabe. Farin 1973 da na 1984 suka tarar da gonaki tsirara, iska na binne shuka da rairayi.

Bayan 1984 sassaben zamani ya bazu a ƙasar Maraɗi: a bar wa kututturen sabara ko kalgo ƴan rassa, a riƙa gyara su har su girma. Sai dai raino bai isa ba muddin ɓarayin itace na yawo da dare. Saboda haka mutanen Ɗan Saga suka kafa kwamitin tsaro, suka sa mata da Fulani makiyaya a ciki, suka yanke tara da kansu. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa haƙƙin mai gona.

An ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a Nijar ta wannan hanya. Ya dace malamai su karantar da wannan tarihi, don yaran da suka taso cikin inuwa su san da wace yarjejeniya aka same ta.