Daga maƙeran Gaya zuwa burbushin azurfa mai kashe bakteriya

Duk wanda ya taso a Gaya ko Ajingi ya taɓa jin labarin Abagayawa, maƙeran da aka ce sun tashi daga Gaya suka nufi Dutsen Dala neman tama, har zamansu ya zama tushen birnin Kano. Masu tonon kayan tarihi sun gano cewa ana narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Su fartanya da mashi suke ƙerawa. Yau kuma akwai wasu maƙeran a ɗakunan gwaje-gwaje, masu mayar da azurfa da tagulla burbushin da ido ba ya gani, don yaƙar bakteriyar da ta daina jin magani.

Dabarar tsohuwa ce. Herodotus, marubucin tarihi na Girka, ya ce idan sarkin Farisa zai fita yaƙi, a tulunan azurfa ake ɗaukar masa tafasasshen ruwan sha. A 1881, wani likita a birnin Leipzig na Jamus, Carl Credé, ya bayyana yadda ɗiga ruwan sinadarin azurfa a idon jariri sabon haihuwa ke hana makantar da ciwon sanyin uwa ke jawowa. A 1889 kuma Carey Lea a Amurka ya haɗa ruwa mai ɗauke da ƙananan burbushin azurfa, kuma ba a jima ba aka fara sayar da irinsa a matsayin magani.

Sai penisilin ya zo. Alexander Fleming ya gano shi a 1928, aka fara yin sa da yawa a shekarun 1940, likitoci suka ajiye azurfa gefe. Amma a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, Fleming ya yi gargaɗin cewa shan maganin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Haka kuwa aka yi. A 1961 aka gano MRSA a Ingila, bakteriyar da ta fi ƙarfin maganin metisilin. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai irin wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowa asara. Mun san yadda abin yake a ƙauyukanmu: mutum ya shiga kemis ya sayi kafso biyu ko uku, da ya ji sauƙi ya bari, ragowar a zuba wa kaji.

Wannan matsin ne ya sa aka koma wa ƙarfe. Tun 1968 Charles Fox na Jami'ar Columbia ya fito da man shafawa mai azurfa don masu ƙuna, wanda har yau asibitoci ke amfani da shi. Sabon abin shi ne girman burbushin. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin gashin kai kuwa ya kai nanomita 80,000. Burbushin da ake magana bai wuce nanomita 100 ba. Ka tuna sukari: na gari ya fi na ƙwara saurin narkewa, saboda ko'ina a jikinsa na taɓa ruwa. Haka burbushin azurfa yake. Yana manne wa bangon bakteriya ya huda shi, ya shiga ciki ya lalata furotin da DNA. Antibayotik yakan kai hari ta ƙofa ɗaya, shi kuwa ta ƙofofi da yawa a lokaci guda. A 2004, masu bincike a Pune ta Indiya suka nuna cewa ruwan ganyen darbejiya ma na iya samar da shi, kuma ɗalibai a jami'o'inmu na Kano da Zariya suna irin wannan gwaji.

To, an gama ke nan? Ina! Yawancin sakamakon nan a farantin gwaji aka same shi, ba a jikin mutum ba. Sannan bakteriya ba ta zauna ba. A 1975 an samu wadda ta jure azurfa a ɗakin masu ƙuna na wani asibiti a Boston. A 2018 masu bincike a Olomouc ta ƙasar Cak suka ga bakteriya na fitar da wani furotin da ke dunƙule burbushin, ya rasa kaifinsa. Ga kuma guba: yawan shan azurfa na mayar da fata shuɗiya har abada, kuma ba mu manta gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ba.

Don haka idan wani ya zo kasuwar Gaya da kwalbar “ruwan azurfa” yana cewa maganin kowace cuta ne, ka riƙe kuɗinka. Inda azurfa ta fi nuna amfani zuwa yanzu shi ne a bandejin ciwo da man ƙuna, a hannun ma'aikacin lafiya. Kafin masu bincike su kammala nasu aikin, namu shi ne mu daina sayen antibayotik ba da takardar likita ba, mu kuma sha shi yadda aka rubuta.