Hawan jinin DOCA da gishiri a ɓeraye

Hawan jinin DOCA da gishiri wata hanya ce da masana ke bi su jawo wa ɓerayen ɗakin gwaje-gwaje hawan jini, don su fahimci aikin sinadaran da ƙululun saman ƙoda, wato adirinal, ke fitarwa. Hans Selye da abokan aikinsa ne suka bayyana ta a Montreal ta Kanada a 1943.

Ana cire wa ɓera ƙoda ɗaya, a ba shi sinadarin DOCA, mai aiki irin na aldositeron, ɗaya daga cikin sinadaran adirinal, sannan a shayar da shi ruwan gishiri. Ƙodar da ta rage sai ta riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau cikin 'yan makonni, zuciya ta yi kauri.