Tarihin Hira da Tatsuniya a Ƙasar Hausa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

In an tashi tunawa da aikin En'e, abin da a kan fara ambata shi ne baitulmali, da ɗakin shari'a, da makaranta, da gidan magani, da sunayen waɗanda suka riƙe su. Wannan kuwa daidai ne. Amma akwai wata makaranta da ta girme su duka, wadda ba ta da gini, ba ta da albashi, ba a kuwa taɓa sa ta cikin lissafin kuɗin shekara ba, ga shi kuwa babu wani ma'aikaci, tun daga Waziri har zuwa masinja, wanda bai zauna cikinta ba. Watau taron hira, inda a ke ba da tatsuniya da labari. Ni aikina rubuta maganar mutane ne a gaban alƙali, saboda haka na ga ya kamata in faɗi abin da ya sawwaƙa game da tarihin wannan makaranta, da abin da ya ke kanmu game da ita.

Da fari dai, wuraren hira iri uku ne. Na farko ɗakin tsohuwa. In an ci tuwon dare, sai yaran gida da na maƙwabta su taru wurin kaka, ko goggo, ko amaryar da ba ta saba da gidan ba tukuna, ita tana kaɗi ko tana ɓarar gyaɗa, su kuwa suna kewaye da ita. A kan fara da kacici-kacici don a wasa ƙwaƙwalwa, wanda ya kasa ba da amsa sai ya ba da gari. Sa'an nan mai tatsuniya ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yara su amsa, "Ta zo mu ji ta." Daga nan sai Gizo ya fito da tsamin bakinsa da haɗamarsa, da matarsa Ƙoƙi, da Dodo, da kura mai kwaɗayi, da dila malamin daji, da marainiya da kishiyar uwa. Ba a yin tatsuniya da rana. A kan tsorata yaro da cewa in ya yi zai ɓata. Hikimar wannan a fili ta ke, gama rana ta aiki ce, ta gona da makarantar allo.

Na biyu dandali. Nan samari da 'yan mata su ke haɗuwa in farin wata ya fito, musamman da kaka, bayan an kai amfanin gona gida. Suna da shugabanninsu, kamar sarkin samari, masu raba gardama da tsara wasa. A dandali labari ya kan tashi daga baki ya koma aiki, a kwaikwayi mai gari, da alƙali, da ɗan kasuwa mai algus, kamar yadda a ke yi a bikin kalankuwa, da kuma tashe, wanda yara su kan fara in azumi ya kwana goma.

Na uku zaure da ƙofar fada, wurin manya. Nan ba a kula da Gizo. Abin da a ke yi shi ne labarin yaƙe-yaƙe, da jerin sarakuna, da asalin unguwanni, da wanda ya fara saran wane daji. Fatake in sun sauka zango su kan kawo nasu, labarin Gwanja da goro, da Borno da kanwa, da hanyar Makka ta ƙasa wadda a kan yi shekaru ba a dawo ba. Makaɗan fada da maroƙa su ma ma'ajiya ne, don kirarin kowane sarki yana ɗauke da sunan ubansa da abin da ya aikata.

To, a lura da wani abu. Mutanen da ba su haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya ba. Tatsuniya ta san kanta ƙarya ce, har ma a kan rufe ta da cewa, "Ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Amfaninta horo ne, ta nuna wa yaro ƙarshen mai haɗama da sakamakon mai haƙuri, tun icce yana ɗanye. Labari kuwa amana ne, mai ba da shi ya kan faɗi wurin wanda ya ji, in kuwa ya ƙara gishiri, ga tsofaffi nan zaune za su tsai da shi. Watau taron kansa shi ne mai gyara. Abin da mutum goma suka ji tare shekara da shekaru, mutum ɗaya ba ya iya sauya shi a dare ɗaya.

Daga irin wannan hira aka sami mafi yawan abin da muka sani na zamanin da. Labarin Bayajida, da macijiyar rijiyar Kusugu, da sarauniyar Daura, da asalin Hausa bakwai, a baki ya daɗe yana yawo. Tarihin Kano da wani malami ya rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, wanda ya faro daga Barbushe da dutsen Dala da Bagauda, ya gangaro har zamanin Sarki Muhammadu Bello, duk wanda ya karanta shi zai ji muryar makaɗa da tsofaffin fada a ciki, don cike ya ke da kirari. H. R. Palmer ya juya shi da Turanci a 1908, daga baya kuma aka buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Tatsuniya ita ma ta shiga takarda, amma ta wata hanya mai ban mamaki. Akwai wani yaro Bahaushe daga wajen Damagaram, sunansa Dorugu, wanda aka kama bauta yana ƙarami. Wani Bajamushe matafiyi, Overweg, ya 'yanta shi a Borno, da ya rasu sai abokin tafiyarsa Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ɗauke shi, suka je har Tambutu, sa'an nan ya tafi da shi Ingila a 1855. A can J. F. Schön ya zauna da shi yana rubuta abin da ya ke faɗi, labarin rayuwarsa da tatsuniyoyin da ya riƙe tun yana gida, aka buga su cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dubi ikon Allah. An raba yaro da uwa da uba da gari, amma ba a iya raba shi da abin da ya ji a ɗakin tsohuwa ba. Dorugu ya komo ƙasar Hausa, ya ƙare kwanakinsa a Nasarawa ta Kano, wurin makarantar Ɗan Hausa, ya rasu a 1912.

Bayan zuwan Turawa aikin ya ƙaru, don jami'ansu suna bukatar abin koyon harshe. Manjo Burdon, Razdan na Sakkwato, ya sa malamai suka rubuta labaru masu yawa da ajami, ya miƙa wa Frank Edgar, shi kuma ya ƙara da nasa, ya juya su da boko, aka buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, littafi uku, tsakanin 1911 da 1913. A 1913 ɗin nan kuma R. S. Rattray ya fitar da littafi biyu na tatsuniyoyi da al'adu da karin magana, waɗanda wani malami Bahaushe, Malam Shaihu, ya rubuta masa da hannunsa a ƙasar da a ke kira Gana yanzu. Wannan ya nuna duk inda Bahaushe ya kafa zango, da hirarsa ya tafi. A. J. N. Tremearne shi ma ya tara nasa ya buga a wannan shekara.

Sa'an nan aka zo zamanin da 'yan ƙasa suka karɓi alƙalami. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta koma Hukumar Talifi a 1933 a Zariya, a hannun R. M. East. A shekarar nan aka yi gasar ƙaga labari, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Kowa ya duba su zai ga daga zaure suka fito, gama a mafi yawansu wani ne ya zauna jama'a suka kewaye shi yana ba su labari. Haka kuma Magana Jari Ce, littafi uku, 1937 zuwa 1939, inda aku ya ke tsare ɗan sarki da hira dare bayan dare. Imam ya ɗebo labaru daga Larabawa da Indiya da Turai, amma ya zaunar da su bisa tabarmar Hausa. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya tara Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida, saboda 'yan makaranta, aka fara buga su a 1971.

Duk da haka akwai hasara biyu da ya wajaba a faɗa. Ta farko, takarda ba ta ɗaukar murya. Waƙar da ke tsakiyar tatsuniya, wadda yara su kan amsa, da kwaikwayon maganar Gizo, da shirun da tsohuwa ta kan yi in Dodo ya kusa ƙofa, duk waɗannan sun zube a hanya. Ta biyu ta fi ciwo. Masu tatsuniya mafi yawa mata ne, masu rubutawa kuwa maza, saboda haka muna da sunan wanda ya buga littafi, wani lokaci da sunan malamin da ya rubuta, amma tsohuwar da ta riƙe abin shekara sittin ba a san ko wace ce ba. Wadda ta tsira daga wannan mantuwa ita ce Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 ta rubuta labarin rayuwarta, aka buga a 1954. Daga bakin mace ɗaya aka ji yadda harin bayi ya ke ga mutanen ƙauye, da yadda a ke aure da goyo da ƙawance, abin da ba ya cikin jerin sarakuna ko ɗaya. In mace ɗaya ta riƙe wannan, nawa ne ya tafi ƙasa tare da dubban da ba a tambaya ba?

Taron hira bai mutu da dare ɗaya ba. Rediyo ya shigo, sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, jama'a suka koma kewaye akwati maimakon mutum. Makarantar boko ta ba yara aikin dare. Bayan haka finafinan Hausa suka bazu daga 1990, yanzu kuwa ga waya a hannun kowa. Ba na zargin waɗannan abubuwa, don sun kai labarin Hausa inda ƙafa ba ta kai shi ba. Amma akwati ba ya jin gyara. In ya yi kuskure babu tsohon da zai ce masa, "A'a, ba haka aka yi ba."

Ga inda abin ya shafi aikinmu. Na sha zama ina rubutu a shari'ar gona, inda babu takarda ko ɗaya, sai a kira dattijo ya ce iyaka ta tashi daga tsamiya ta bi ta tsohuwar rijiya, kakan wane ya ba kakan wane aro, ba kyauta ba. In alƙali ya tambaye shi ina ya sani, sai ya ce a zauren ubansa ya ji, gaban su wane da wane. Da irin wannan shaida a ke raba gado, a ke gane burtali, a ke sanin gidan da ke da hakkin sarautar unguwa. Na kuma ga ranar da aka aika neman irin wannan dattijo aka tarar an yi sadakar bakwai ɗinsa, 'ya'yansa kuwa babu wanda ya taɓa zama ya saurare shi. Shari'ar da za ta ƙare da hantsi sai da ta shekara, 'yan'uwa biyu suka daina gaisawa. Sunan En'e ya kau tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma gonakin suna nan, da iyakokinsu, da rigingimunsu.

Saboda haka ina roƙon abu uku, ba kuwa mai bukatar kuɗin baitulmali a cikinsu. Na ɗaya, kowane ma'aikaci ya nemi tsoho ɗaya da tsohuwa ɗaya a garinsu, ya zauna da su da ladabi, ya rubuta ko ya ɗauki muryarsu, ya sa sunan mai magana, da garin, da ranar, da wurin wanda shi ya ji. Na biyu, kada a gyara musu magana, kada kuma a haɗa tatsuniya da tarihi. In an sami ruwaya biyu masu saɓani a rubuta duka biyu, kamar yadda mu ke yi da shaidu. Na uku, wanda ya fi sauran, a mai da hira gida. A keɓe ko dare ɗaya a mako, a kashe akwati, a ajiye waya, a tara yara wurin kakarsu, hakimai da dagatai kuma su buɗe zaurukansu ga samari. Abin da aka rubuta aka kulle a ofis gara tana iya cinye shi, amma abin da yaro ashirin suka ji da kunnensu ya sami ma'aji ashirin.

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, sun kuma ce da tsohuwar zuma a ke magani. Allah ya jiƙan waɗanda suka ba mu labari ba mu riƙe sunansu ba, ya sa mu sauke amanar da suka bar mana, amin.