Zara Matar Wata: Daga Ina Sunan Ya Fito?

Kwanakin baya an yi wata 'yar muhawara a nan zango. Wata yarinya ta dawo daga makaranta ta ce wa kakarta, wai tauraruwar nan Zara ita ce Venus, Venus kuwa gunkiyar Rumawa ce. Kakar, mutuniyar Azare, sunanta ke nan Zara. Ai kuwa hankalinta ya tashi, maganar ta kai har gidan suna, wasu na cewa a daina sa wa yara sunan. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi asalin maganar.

Mu fara da Rumawa. Venus kalmar Latin ce, su kansu "Wenus" suke furta ta, asalin ma'anarta kuwa so ko sha'awa. Da ita suka kira abar bautarsu ta soyayya da kyau, suka gina mata ɗakin bauta a birnin Rum a shekara ta 295 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Yuliyas Kaisar ma cewa ya yi shi jikanta ne, ya keɓe mata wani ɗakin a shekara ta 46 kafin haihuwar tasa. Da suka ga tauraruwar da ta fi kowace haske, sai suka laƙaba mata sunan. Ba su suka fara ba: mutanen Babila sun danganta ta da Ishtar, Girkawa da Afrodayit. Har ranar Juma'a Rumawa suka ba ta, shi ya sa 'yan uwanmu na Nijar da suka yi karatun Faransanci ke cewa vendredi, wato ranar Venus. Juma'armu kuwa daga Larabci take, ranar taruwa.

To, Zara fa? Hanyarta daban. Larabawa na kiran tauraruwar Az-Zuhara, daga tushen da ke nufin haske da hudar fure. Daga tushen nan aka sami Az-Zahra'u, laƙabin Nana Faɗima 'yar Manzon Allah (SAW). Daga nan kuma sunan masallacin Azhar na Alƙahira ya fito, wanda Faɗimawa suka fara ginawa a 970. Waswahili na cewa Zuhura, Turkawa Zuhre. Bahaushe ya sassauta wa harshensa ya ce Zara. Ka ga ke nan tauraruwa ɗaya ce, amma sunaye biyu ne da ba su haɗa kaka ba: ɗaya so, ɗaya haske.

Mu da iyayenmu suka taso daga ƙasar Katagum, ba abin mamaki ba ne Zara ta yi yawa a gidajenmu. Kafin jihadi, yankin Shira da Tashena yana ƙarƙashin inuwar Barno, inda karatun Larabci ya daɗe da kafuwa, Barebari kuwa har gobe suna ji da sunan. Malam Zaki ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19, a 1916 aka mayar da fadar zuwa Azare. Sarauta ta yi ƙaura, fatake ma suka yi tasu, sunan ya biyo su har inda muke zaune yau.

Kakanninmu masu duban sama ne. Sun lura da yadda take fitowa a yamma bayan magariba, wani lokaci dab da jinjirin wata, suka ce Zara matar wata. Wadda ke fitowa a gabas kafin alfijir kuma suka kira ta Gamzaki. Girkawan farko ma haka suka yi, ta safe Fosforos, ta yamma Hesperos, kafin su gane abu guda ne. Dalili shi ne ta fi mu kusa da rana, sai ta yi watanni tana bin bayanta, ta ɓace, ta dawo tana gabanta. Zagayen nan na ɗaukar kwana 584. Faransawa da Turkawa kuwa "tauraruwar makiyayi" suke ce mata, sunan da duk wanda ya taɓa kora shanu gida a dajin Gamawa zai gane.

Saboda haka, Iya Zara, ki kwantar da hankalinki. Sunanki ba na gunkiyar Rumawa ba ne. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne yaranmu sun san Venus a littafi, amma ba su san Gamzaki a sama ba. Laifin ba na makaranta ba ne, namu ne. In magariba ta yi kuka hango ta, ku kira su waje, ku nuna musu, ku faɗa musu sunanta da Hausa.