Ethel Waters, Mawaƙiyar da Ta Fito Daga Aikatau

An haifi Ethel Waters ranar 31 ga Oktoba, 1896, a garin Chester da ke jihar Pennsylvania a Amurka. Mahaifiyarta, Louise Anderson, yarinya ce ƙarama da aka yi wa fyaɗe, saboda haka renon jaririyar ya faɗa wuyan kakarta, Sally Anderson, wadda ke aikatau a gidajen Turawa, ba ta kwana a gida sai jefi-jefi. Ethel ta tashi a unguwannin talakawa na Filadelfiya da kewaye, yau nan, gobe can. Tana da shekara 13 aka yi mata aure. Mijin mai saurin hannu ne, ta tattara nata ya nata ta bar masa gidansa, ta kama aikin shara da gyaran ɗakuna a wani otal, ana biyanta abin da bai kai dala biyar ba a mako.

Waƙa ce ta raba ta da tsintsiya. Wasu masu shirya wasa sun ji ta tana rerawa a wani gidan rawa, suka ɗauke ta zuwa gidan wasa na Lincoln a Baltimore. Doguwa ce, siririya, har aka yi mata laƙabi da Sweet Mama Stringbean, ana kwatanta ta da zirin ɗanyen wake. Daga nan ta shiga yawon wasa a jihohin kudu, inda doka ta raba baƙaƙe da farare a jirgin ƙasa da masauki da wurin cin abinci. A Atlanta ta haɗu da mawaƙiya Bessie Smith a gidan wasa ɗaya, Bessie kuwa ta gindaya sharaɗi: kada sabuwar yarinyar ta taɓa waƙar blues, wannan fagenta ne.

Ko da ma muryoyin nasu ba iri ɗaya ba ne. Ta Bessie mai kauri ce, tana cika zaure ba tare da lasifika ba. Ta Ethel mai taushi ce, tana fitar da kowace kalma tas, tana jan kiɗan gaba ko ta ɗan yi masa jinkiri kamar yadda masu busa ƙahon jaz ke yi. Wajen 1919 ta koma Harlem a birnin New York, tana waƙa a wani ƙuntataccen gidan shaye-shaye mai suna Edmond's Cellar. A 1921 kamfanin faifai na Black Swan, mallakar wani baƙar fata, Harry Pace, ya naɗi waƙarta "Down Home Blues". Faifan ya yi kasuwa sosai, ya tsayar da sabon kamfanin da ƙafafunsa, ita kuma ta zagaya ƙasar tare da ƙungiyar makaɗa ta Fletcher Henderson. A 1925 ta koma kamfanin Columbia, kuma a shekarar ce aka fara naɗar sauti da makirfo mai aiki da lantarki. Kafin nan sai mawaƙi ya ɗaga murya cikin wani babban mazurari. Sabuwar na'urar tana kama ko da raɗa, abin ya zo wa Ethel daidai, kuma "Dinah", wadda ta fitar a lokacin, ta kai sunanta gidajen fararen fata.

Shekarar 1933 ce ta fi kowace nauyi a rayuwarta. A gidan rawa na Cotton Club, inda baƙaƙe ke wasa amma farare kaɗai ke zama a kujerun kallo, ta rera "Stormy Weather" ta Harold Arlen da Ted Koehler. Marubucin waƙoƙi Irving Berlin ya je ya gani, ya ɗauke ta cikin wasansa na Broadway, As Thousands Cheer. An tsara wasan tamkar jarida, kowane fage da kanun labarinsa, yawancinsu barkwanci ne. Ana cikin dariya sai kanun labari ya bayyana cewa gungun mutane sun rataye wani baƙar fata. Labule ya buɗe a kan Ethel, sanye da tufafin talaka, tana jera kwanukan abincin dare a kan tebur, tana waƙar "Supper Time": mace ce da ta rasa yadda za ta gaya wa 'ya'yanta cewa babansu ba zai dawo ba. Masu kallo sun biya kuɗinsu ne don su yi nishaɗi, sai ga shi an ajiye musu wannan a gabansu. A ganina, a wannan fage ne ta tashi daga mawaƙiya ta zama 'yar wasan kwaikwayo, tun kafin a ba ta rawar da ba ta dogara ga waƙa ba.

Irin wannan rawar ta samu a 1939, lokacin da ta fito a matsayin Hagar cikin wasan kwaikwayon Mamba's Daughters. A shekarar kuma tashar NBC ta nuna wani shiri mai ɗauke da sunanta, talabijin na jariri a lokacin. Cabin in the Sky ya biyo baya a dandali a 1940, aka mayar da shi fim a 1943, Vincente Minnelli ya ba da umarni. Wurin ɗaukar fim ɗin ba a kwashe lafiya ba. Ethel mace ce mai zafin rai, ba ta ɓoye kishinta ga abokiyar wasanta Lena Horne, wadda ta fi ta ƙuruciya kuma kamfanin MGM ke ji da ita. Bayan nan Hollywood ta juya mata baya na shekaru, ga bashin haraji ya taso ta a gaba. Wani abin takaici gare ta, a 1943 ɗin Lena Horne ta rera "Stormy Weather" cikin wani fim mai wannan suna, har yau kuma mutane da yawa ita suke danganta wa waƙar.

Da ƙofa ta sake buɗewa, rigar aikatau aka miƙo mata. A fim ɗin Pinky na Elia Kazan, 1949, kaka ce mai wankau. Rawar ta sa aka saka sunanta cikin masu takarar kyautar Oscar, baƙar fata ta biyu bayan Hattie McDaniel. A 1950 ta zama Berenice, mai dafa abinci a The Member of the Wedding na Carson McCullers, tare da Julie Harris. Da farko ta ƙi karɓar rawar, ta ce babu Allah a cikin halin matar, sai da aka yarda ta sa waƙar coci da ta koya tun tana yarinya. An yi wasan sau 501 a Broadway, aka yi fim ɗinsa a 1952. Akwai kuma shirin Beulah a talabijin, nan ma 'yar aiki ce a gidan Turawa. Masu fafutukar 'yancin baƙaƙe sun soki shirin, ita ma ba ta daɗe a cikinsa ba. Sukar tana da hujja, domin a lokacin Hollywood ba ta da wata rawa ga dattijuwa baƙa sai ta kicin. Amma Ethel ta san waɗannan matan ciki da waje, kakarta ce, ita ce da kanta, shi ya sa ba ta taɓa mayar da Berenice abin dariya ba.

A 1957 ta halarci taron wa'azin Billy Graham a Madison Square Garden, ta shiga ƙungiyar mawaƙansa, ta ci gaba da bin tarukansa kusan shekara ashirin. Ta ɗan leƙo talabijin a 1961 cikin shirin Route 66, inda ta fito a matsayin mawaƙiyar jaz da ke kan gadon ajali tana neman a tattaro mata tsofaffin makaɗanta, rawar da ta kai ta takarar kyautar Emmy. Ta rasu ranar 1 ga Satumba, 1977, a Chatsworth da ke jihar Kalifoniya, tana da shekara 80, bayan ta sha fama da ciwon daji.